Allon ESP32 DevKit: a lissafa wutarsa kafin a haɗa waya

Tun 2016 da kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fito da ESP32, ƙaramin guntun kwamfuta da ake ɗorawa a kan allon gwaji mai suna DevKit, mai son haɗa ƙaramar na'ura mai sarrafa kanta, kamar ta kunna famfon ban-ruwa ko auna zafin ɗakin kaji, da wuya ya tsallake shi. Ƙwaƙwalwa biyu ce a ciki masu gudu har 240 MHz, da RAM na 520 KB, da WiFi da Bluetooth, kuma yawancin allunan suna zuwa da ma'ajiya ta 4 MB. A kuɗinsa, babu abin ƙorafi a nan.

Matsalar tana wajen wuta. Lokacin da WiFi ke aika saƙo, yakan zuƙi kusan 240 mA a ƙiftawar ido, shi ya sa Espressif ke cewa a ba shi tushen da zai iya 500 mA. Siririn kebul na USB, irin na cajin da ake saya a bakin titi, yana cinye wani ɓangare na wutar kafin ta iso. Sai ka ga allon yana mutuwa yana tashi, mai koyo yana ta zargin manhajarsa, alhali kebul ne. Gajeren kebul mai kauri da kafasita (ɗan abin tara wuta) ta 470 µF kusa da ƙafar 3V3, wato ta 3.3 V, sukan kashe maganar.

A takarda, idan ESP32 ya yi barci mai nauyi 10 µA kawai yake ci. Allon kuwa ba ya barci tare da shi. Mai daidaita wuta AMS1117 da ke kan alluna da yawa shi kaɗai yana shan kusan 5 mA, ga guntun USB, ga ƙaramar fitilar da ba ta mutuwa. A ce jimilla 10 mA: batir 18650 mai 2500 mAh zai ƙare a awa 250, kwana goma ke nan da ɗoriya. Sannan AMS1117 yana son kusan 4.4 V kafin ya ba da 3.3 V cikakke, batirin kuma ko ya cika maƙil a 4.2 V yake tsayawa. Don gwaji a kan tebur, allon ya yi. Na'urar da za a bari a gona kuwa, gara a sayi WROOM-32, wato ESP32 tsuransa ba tare da allon DevKit ba, a sa masa mai daidaita wuta marar ci da yawa.

Ƙafafunsa ma ba duka ake taɓawa ba. GPIO (ƙafafun shigar da saƙo da fitar da shi) 6 zuwa 11 na ma'ajiya ne. 34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi. Idan GPIO 12 na da wuta lokacin kunnawa, allon yakan ƙi tashi, domin ya zaɓar wa ma'ajiyar 1.8 V. Kuma babu ƙafar da ke jure 5 V.

Ma'aunin wutarsa yana ƙirga 0 zuwa 4095, amma ƙasa da 0.15 V da sama da 2.45 V ba abin dogaro ba ne, ɓangaren ma'aunin na biyu kuma, wato ADC2, ba ya aiki muddin WiFi na kunne. Don haka a haɗa abin awo a GPIO 32 zuwa 39, na ɓangaren farko. In ana son awo na gaske, kamar na cajin batirin sola, a ƙara guntun awo ADS1115 ta hanyar I2C, wato haɗin saƙo mai waya biyu.