Panettone ko pandoro, wanne za ka kai gasa?

Idan wani ƙaramin gari a Italiya ya shirya gasar kek ɗin Kirsimeti ta masu gashi a gida, ba 'yan gidan burodi ba, gardamar farko ita ce panettone ko pandoro.

Panettone ɗan Milan ne, dogo mai kai kamar kubba, cike da busasshen inabi da ɓawon lemu da aka dafa da sukari. Wahalarsa kam ba a magana, da tsohon kwaɓi mai tsami ake tayar da shi, sai ka kwana biyu kana kwaɓawa kana jira, kuma yana fitowa daga oven za a soka masa tsinke ta gindi a rataye shi kai ƙasa har ya huce, in ba haka ba ya lotse wallahi duk wahalar ta tashi a banza. Alƙali na yankawa ramukan ciki yake fara leƙawa.

Pandoro kuma na birnin Verona ne, wani mai yin kek Domenico Melegatti ya yi masa rajista a 1894. Babu inabi babu komai, bota ne da ƙwai da vanila, a gwangwani mai siffar tauraro kusurwa takwas, sai a barbaɗa garin sukari a kai.

Mutane na ganin pandoro ya fi sauƙi, ni dai ban yarda ba. Panettone ko ya ɗan bushe inabin zai rufa maka asiri, pandoro kuwa bota ya rabu da kwaɓin shi ke nan kowa ya gani.