Fulogin iridiyam a injin ƙaramin jirgi: ramukan ƙasa nake saka wa

Ni makaniken ƙananan jiragen koyon tuƙi ne a nan Jidda, kuma 'yan uwa sun yi ta tambayata ko fulogi mai siririn baki na iridiyam, wani ƙarfe mai jure zafi, ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma ba a kowane ramin fulogi ba.

Injin Lycoming irin na ƙaramin jirgi Cessna 172 silinda huɗu gare shi, biyu dama biyu hagu, a kwance, iska ke sanyaya su. Kowace silinda fulogi biyu take ɗauka, sama da ƙasa, takwas ke nan, kuma maganeto biyu, na'urar da ke ba fulogi wuta, ne suka raba su don in ɗaya ya mutu jirgi ya iya dawowa gida. Damuwar daga mai take. Fetur ɗin jirgi, shuɗin nan 100LL, akwai dalma a cikinsa. Ɗalibi zai daɗe yana jiran izinin tashi, inji na tafiya a hankali, dalma ba ta ƙonewa ta fita, sai ta taru. In ka kwance fulogin ƙasa ka leƙa cikinsa da fitila, za ka ga 'yan ƙwallaye masu ruwan toka sun manne kamar tsakin gero. Su ne ke sa inji kakkarwa a gwajin maganeto, malami ya juyo da jirgi yana huci.

Tun da na zuba na iridiyam a ramukan ƙasa, kiran da ake mini kan wannan kakkarwa ya ragu ƙwarai. Bakinsa a buɗe yake, datti ba ya samun wurin zama, tazarar wutarsa kuma ba ta saurin faɗaɗa. Na saman kuwa na bar musu na gargajiya mai kaurin baki, don su dama ba su cika toshewa ba, kuma kuɗin iridiyam ya ninka nasu nesa ba kusa ba. Riyal ba a ƙasa ake tsintarsa ba.

Aibinsa shi ne rashin juriya a hannu. Wayar bakin gautsi gare ta, yaron da ya saba lanƙwasa ta gargajiya da ƙarfi zai karya maka ita nan take. Wanda ya faɗi a siminti kuma ya tafi ke nan, ko da ba ka ga tsaga ba. Ni ba na bari kowa ya kwance shi sai an ajiye tire mai lamba a gefe, da sabuwar washa ta jan ƙarfe.

Malam, in fuloginka jiƙewa yake da baƙin mai, kada ka ɓata kuɗinka. Ringin fistin ko hanyar bawul za ka duba. Kafin ka yi oda kuma, tabbatar lambar fulogin tana cikin jerin da kamfanin injin ya amince da shi, don zaren wani ya fi na wani tsawo, mai tsawon kuma yana iya taɓa fistin.