KDE Connect ko Syncthing: da wacce za ka fara gwaji?

Ɗan'uwa, ka ce ba ka iya rubuta manhaja ba, amma kana son gwada ɗaya daga cikin manhajojin nan na kyauta masu buɗaɗɗen tushe (waɗanda kowa zai iya duba yadda aka rubuta su) da ke haɗa waya da kwamfuta, ka riƙa kai wa masu su rahoton matsala. An ambata maka KDE Connect da Syncthing, ka rasa ta ɗauka. Shawarata ka fara da KDE Connect.

Sa'annin juna ne, duk a 2013 suka fito. Albert Vaca ne ya fara KDE Connect a Google Summer of Code, shirin Google na tallafa wa masu koyon rubuta manhaja, Syncthing kuwa Jakob Borg ɗan ƙasar Siwidin ne ya soma ta. Babu wadda ke ajiye kayanka a rumbun wani kamfani, kuma duk suna kulle abin da ke wucewa tsakanin na'urorin. Iyakar kamarsu ke nan.

KDE Connect sai waya da kwamfuta suna kan Wi-Fi ɗaya. Ka nemi haɗi daga ɗaya, ka amince a ɗayar, shi ke nan. Daga nan saƙonnin waya na faɗowa a fuskar kwamfuta, lambar da ka kwafa a kwamfuta ka liƙa ta a waya, ka tura hoto, ka ga cajin batir, ka sa wayar ta yi ƙara idan ta ɓuya a ɗaki. In tana da matsala nan take za ka gani: ko saƙo ya iso ko bai iso ba. Wanda bai san komai a harkar ba ma zai iya faɗin abin da ya faru, kuma ba ya asarar komai. Mafi yawan lokaci idan na'urorin suka ƙi ganin juna, katangar tsaron kwamfutar (firewall) ce ta toshe ƙofofin sadarwa masu lamba 1714 zuwa 1764 da manhajar take bi.

Syncthing aiki ɗaya ta sa gaba: ka nuna mata folda a waya da folda a kwamfuta, ta mai da su iri ɗaya, ba tare da ka sake taɓa komai ba. Kowace na'ura na da doguwar lambar shaida da ake ɗauka da kyamara, a kwamfuta kuma ta burauza ake sarrafa ta, a adireshin 127.0.0.1:8384. Ta fi KDE Connect ƙarfi nesa ba kusa ba, don ko kana wani gari tana iya aiki ta intanet.

To, a nan haɗarin yake, kuma shi ya sa na ce ka jinkirta ta. Kamar madubi take: ka goge hoto a waya don samun wuri, sai ya ɓace a kwamfuta ma. Wanda ya ɗauka ma'ajiya ce zai yi kuka. Tana da tsarin adana tsofaffin kwafi, amma a kashe yake zuwa, sai ka kunna da kanka. In ka gyara takarda ɗaya a wurare biyu kafin na'urorin su gana, za ka tarar da kwafi na biyu mai ɗauke da sync-conflict a sunansa. In kuma ka ba ta damar aiki a kan datar layi, bidiyon biki ɗaya ya isa ya lashe datar mako guda. Ga shi tun Disamba 2024 masu ita sun daina fitar da tasu ta Android. Yanzu Syncthing-Fork, wani reshenta da wasu daban ke kula da shi, ake ɗaukowa a F-Droid, kantin manhajojin Android masu buɗaɗɗen tushe. Idan lokacinta ya yi, buɗe sabuwar folda, zuba hotuna goma da kana da kwafinsu a wani wuri, ka yi wasanka a can.

Kada ka raina abin da za ka kai wa masu manhajojin. Tecno, Infinix da Itel da suka cika hannunmu sun saba kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, kuma duka biyun nan a bayan fage suke rayuwa. Haka nan yawancinmu ba mu da rawuta a gida, hotspot ɗin wayar muke kunna wa kwamfuta. A ganina gwaji a irin wannan yanayi shi suka fi ƙarancin samu, kai kuwa kullum a cikinsa kake.

Sai dai rahoton "ba ta aiki" ba ya amfanar kowa. Rubuta samfurin wayar, lambar Android ɗinta, lambar manhajar a ɓangarorin biyu, abin da ka danna bi da bi, abin da ka zata, da abin da ya faru. Misali: allon waya ya mutu, bayan minti kaɗan kwamfuta ta daina ganinta, na cire manhajar daga takunkumin batir, abin bai canza ba. Ka maimaita ka tabbatar kafin ka aika, ka duba ko wani ya riga ka. Na KDE Connect ana kai shi bugs.kde.org, na Syncthing kuma shafinta da ke dandalin GitHub, da Turanci, ko da gajere ne.