Kafin ka zuba kuɗi a kwalekwale: tsawo za ka saya ko babban inji?

'Yan kasuwarmu na Nima da Sabon Zango da ke sa jari a jigilar doya da bandar kifi a tafkin Volta, wajajen Yeji da Dambai, yawancinsu tambayar farko da suke yi wa mai sayarwa ita ce, injin doki nawa ne? Alhaji, fara da tambayar tsawon jirgin, domin shi ke yanke yawan man da za ka riƙa ƙonawa.

Jirgin da ke ratsa ruwa yana tayar da igiya a gabansa da bayansa. Idan gudu ya kai wani mizani, sai ya zama yana ƙoƙarin hawa igiyar da ya tayar da kansa, baya ya nutse, hanci ya ɗaga, inji na ruri amma tafiyar ba ta ƙaruwa sosai. Mizanin nan ana iya lissafa shi a waya. Auna tsawon jirgin da mita a daidai inda ruwa ke taɓa shi, ban da hancin da ya yi sama. Rubuta tsawon a kalkuleta, danna alamar √, ka ninka da 4.5. Mai mita 9 zai ba ka kilomita 13.5 a awa, mai mita 16 kuwa kilomita 18. Siririn jirgi mara nauyi yakan wuce wannan lissafi ba tare da wahala ba, don igiyar da yake tayarwa ƙarama ce. Shi ya sa kwalekwalen masuntan Jamestown da Chorkor, waɗanda ake sassaƙa gindinsu daga icen da ake kira wawa, suke dogaye sirara.

Gajere mai faɗi yana da nasa amfanin: ba ya yawan tangaɗi, ya fi sauƙin lodin dabbobi da juyawa. Tafkin cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, kuma dogon jirgi ba ya kauce musu da sauri. Amma a doguwar tafiya ni dogon zan zaɓa.

Sai inji. Irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kamar Yamaha mai doki 40 da ya cika bakin ruwan Gana, yana shan kusan rabin lita ga kowane doki a awa idan an murɗe shi ƙarshe, wato wajen lita 20. A ce hakan ya ba ka kilomita 20 a awa: lita guda ke nan kowace kilomita. Ka sassauta zuwa 15, shan mai a awa zai iya sauka kusan rabi, tunda ƙarfin da jirgi ke nema yana hauhawa fiye da gudun nesa ba kusa ba. Siririn jirgi mai matsakaicin lodi, doki 25 na iya isarsa. Mai 40 sai idan kaya na da nauyi ko iskar damina na yawan tare ka. Kada kuma ka gina lissafinka kan man firimis mai rangwame, wato fetur da aka riga aka haɗa da baƙin mai don masunta, ba kullum ake samunsa ba.

Jirgin faiba ya fi na katako rashin nauyi kuma ba ya shan ruwa, sai dai tsada, ga ƙarancin masu gyara a ƙauyukan bakin tafki.

Ranar ciniki, ka ce a yi masa lodi irin wanda za ka riƙa ɗauka. Zuba lita 5 a tankin da babu komai, kunna taswirar waya, a murɗe inji ƙarshe, ka ga kilomita nawa za su kai ku. A maimaita da rabin wuta, sannan a zauna maganar farashi.