Soso da allurar homon a garkena: manyan tumaki sun biya, ƙananan sun ba ni wahala

Tumaki ashirin gare ni a 'yar gonata da ke bayan gari, duk 'Yankasa, kuma abin da ya daɗe yana damuna da su shi ne kowace tunkiya ranar da ta ga dama take haihuwa. Wannan a damina, waccan a tsakiyar hunturu, wata kuma sai ka wayi gari ka tarar da ɗa a ƙasa ba ka ma san da cikin ba. In Babbar Sallah ta zo sai ka ga raguna uku sun isa layya, sauran duk 'yan wata bakwai. Da na kai kukana wurin wani likitan dabbobi mai zaman kansa, sai ya ce akwai hanyar da ake sa su nemi rago a kwana ɗaya ko biyu, su haihu a mako guda. Na gwada a watan Oktoba na 2024, ga kuma yadda ta kaya.

Kayan aikin guda biyu ne. Na farko ɗan soso ne fari, bai kai girman ƙwan kaza ba, da zare a jikinsa. An jiƙa shi da sinadari mai kama da furojesteron, homon ɗin (wato sinadarin jiki) da ke riƙe ciki. Ana cusa shi a gaban tunkiya da wani bututun roba, ya zauna kwana 12 zuwa 14. Muddin yana ciki, jikinta na ɗauka tana da ciki ne, ba za ta nemi rago ba. Ranar da aka zare shi a duka garken, sai homon ɗin ya faɗi lokaci guda, duk su taso tare. Akwai wani nau'in na roba da ake kira CIDR, aikinsu ɗaya, amma soso muka samu. Na biyu allura ce da ake kira PMSG, ana yin ta ranar cire soson don ta zaburar da ƙwai. Da likita ya gaya mini daga jinin goɗiya mai ciki ake tace ta, a ƙasashe irin su Ajantina da Urugwai, sai da na sake kallon 'yar kwalbar. Gari ne a ciki, ana dama shi da ruwan da ya zo da shi, kuma ba ta son zafi ko kaɗan. A cikin kula da ƙanƙara ya kawo ta.

A Turai an fi amfani da wannan haɗin don tilasta wa tumaki barbara a wajen lokacinsu, tunda nasu sai rana ta fara gajarta suke neman rago. Namu ba su da wannan ƙa'ida, duk shekara suna zagayowa kusan kowane kwana 17. Saboda haka mu a nan kalanda kawai muke saye, ba haihuwar kanta ba. Wannan bambancin ban fahimce shi ba sai daga baya.

Sha biyu cikin tumakin manya ne, kowace ta haihu aƙalla sau ɗaya. Takwas kuwa ƙanana ne, 'yan wata bakwai zuwa takwas, irin wadda muke kira kazganya, ba su taɓa ganin rago ba. A kansu muka yi gardama da likita. Ya ce, "Malam, a bar waɗannan. Sai tunkiya ta kai kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta ake haɗa ta." Iyayensu suna wajen kilo 33, ke nan ana neman kilo 22. Ni kuwa na dube su na ga sun yi sumul, na ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Da ya matsa muka rataya sikeli a reshen darbejiya muka ɗaga su ɗaya-ɗaya a cikin buhu: biyu ne kawai suka haura 22, sauran tsakanin 17 da 19. Duk da haka na ce a sa musu, tunda an riga an sayo soso ashirin. Ya yi shiru, ya sa safar hannu. Laifin nan nawa ne, ba na kowa ba.

Ranar Asabar 5 ga Oktoba aka sa. Manyan ko a jikinsu, minti ɗaya an gama da kowace. Ƙananan kuwa sai da mutum biyu suka riƙe, ga kuka, ga harbi, domin hanyar ƙarama ce, biyu ma a ciki da yatsa likita ya tura a hankali don bututun ya ƙi shiga. Kwana huɗu bayan nan yarona ya tsinci soso guda a cikin kashin tumaki, ya zame daga jikin ɗaya daga cikin ƙananan. Ranar Alhamis 17 ga wata aka cire. Wanda bai taɓa gani ba ya shirya hancinsa: wani ruwa mai kauri yana biyo soson, da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Likita ya ce ba ciwo ba ne, yana ɗaukewa cikin kwana biyu, kuma haka aka yi. Amma a wata 'yar ƙaramar soson ya manne, zaren ya tsinke, sai da ya sa wani ƙarfe ya zaro shi da ɗan jini. Ita wannan har yau in ta hango shi sai ta shige bayan rumbu.

Washegari da yamma manyan suka fara kaɗa wutsiya suna bin katangar da raguna ke bayanta. Safiyar Asabar muka saki raguna. Nan ne wani abin da ya kamata kowa ya sani: rago ɗaya yana iya riƙe tumaki talatin ko fiye in suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, amma in sun taso tare, kada a ba shi fiye da goma. Nawa biyu ne, na aro na uku wurin maƙwabci, wani narkeken Balami fari tas. Likita ya sa muka ware ƙananan daban, don rago yakan fi bin manya, ita kuwa ƙaramar lokacinta gajere ne kuma ba ta iya nuna kanta. Shawara mai kyau. Kuskurena shi ne Balamin na tura wa ƙananan, ina kwaɗayin manyan 'ya'ya.

A kan manyan ba ni da ƙorafi. Duk sha biyun sun tsaya wa rago cikin kwana biyu. Biyu suka sake dawowa farkon Nuwamba, aka sake haɗa su ba tare da wani magani ba. Da aka yi musu hoton ciki a Disamba, goman farko duk sun ɗauka. Cikin tunkiya kwana 147 ne, ko da 'yar gaba ko 'yar baya, sai ga haihuwa ta faɗo tsakiyar Maris na 2025, tsakiyar azumi. Cikin kwana shida suka sauke: shida tagwaye, huɗu ɗai-ɗai, 'ya'ya sha shida. Daga asham sai garke, daga garke sai sahur. Na gaji iya gajiya, amma ban taɓa samun haihuwar da nake tsaye a kan kowace ba sai wannan karon, kowane ɗa na tabbatar ya sha dakashi kafin in bar wurin.

Tagwayen nan kuwa ba kyauta ba ne. Allurar tana ƙara yawansu, kuma makonni shida na ƙarshen ciki ne 'ya'yan ke yin mafi yawan girmansu. Nawa sun faɗo Fabrairu da Maris, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada. Abin da na kashe a dusa da kowar wake da angurya ya ninka kuɗin soso da allura da ladan likita. Wanda ba zai iya wannan ba, mai tagwaye za ta kwanta masa ta ƙi ci dab da haihuwa.

Ƙananan takwas: bakwai sun nemi rago, wato maganin ya yi aikinsa. Hoto ya nuna huɗu kawai da ciki. Ɗaya ta yi ɓari a Janairu. Ukun da suka kai, guda ɗaya ce ta haihu lafiya da kanta, ɗaya daga cikin biyun nan da suka haura kilo 22. Ta biyu ta yi tagwaye ƙanana kamar 'yan kyanwa, hantsarta ba komai, ta kuma dinga tunkuɗe su, sai da muka riƙa riƙe wata babba mai ɗa guda suna tsotsa. Ta ukun ce ba na mantawa. Wajen ƙarfe biyu na dare ta fara naƙuda, ƙafafu biyu da hanci suka leƙo, sai komai ya tsaya. Kan ɗan Balami ne a ƙugun 'yar 'Yankasa. Na kira likita, ya zo a kan babur, ya shafa mai ya yi ta fama har aka kira assalatu. An fitar da ɗan ba rai. Uwar ta tashi, amma har yanzu ba ta kamo sa'o'inta a girma ba. Baffa, dattijon da ke yi mini kiwo, bai ce komai ba sai da muka idar da sallah. Ya ce, "Malam, allura ta kira rago, ba ta buɗa ƙugu ba."

Likita ya ba ni labarin cewa a Ostireliya ana yi wa 'yan tumaki masu mako shida zuwa takwas allurar homon a kwashe ƙwansu, a haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji. Amma ko su ba jaririyar ke ɗaukar cikin ba, babbar tunkiya ake dasa wa.

Aikin likitan ya gamsar da ni. Ya tambayi rigakafin PPR, wato annobar tumaki da awaki, da maganin tsutsa tun kafin ya taɓa su, ya hana matata mai juna biyu taɓa soson, kuma ya zo duk ranar da ya ce zai zo. Abin da zan soka shi ne samun kayan: mako uku muka jira allurar, kuma kwalbar da aka dama ba ta ajiyuwa, sai an haɗa tumaki da yawa a rana ɗaya, don haka mai tunkiya biyar sai dai ya haɗu da maƙwabta. Ya kuma ce kada a maimaita allurar kowane zagaye, jikin tunkiya yakan saba da ita har ta rage aiki.

Ragunan Maris za su cika wata 14 a Babbar Sallah ta 2026, tara ne, kansu ɗaya. Manyan zan sake sa musu soso, amma a watan Yuni, don ƙarshen cikin ya faɗo kaka, lokacin da harawa ke zube a gona. Ƙananan na bana guda bakwai ne, sikelin yana nan a rataye a darbejiya, kuma na sayi ɗan matsakaicin rago ɗan 'Yankasa saboda su.