L18050 ko L8180: wace firinta mai tanki ta dace da buga manyan hotuna a gida?

Wata Hajiya daga Agege ta tambaya. Tana so ta riƙa buga hotunan biki da suna da na Sallah a gida, manya waɗanda za a sa a firem a rataye a falo, kuma ta gaji da firinta mai katirij. A Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja, an nuna mata Epson guda uku: L18050, da L8180, da tsohuwar L1800 tokumbo mai araha. Wacce za ta ɗauka?

Hajiya, kafin komai ki auna firem ɗin da kike so. Duka ukun iyakarsu takardar A3+, wato inci 13 da 19, ko milimita 329 da 483. Hoton 10x12 da 12x16 da 12x18 duk za su fita. Amma 16x20 da 20x24 ba za su shiga ba, sai dai ki kai Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, ko wajen masu wanke hoto. Akwai masu tanki da ke buga faɗin inci 24, irin su Canon TC-20 da Epson SC-T3100X, sai dai launi huɗu gare su, an yi su ne don fosta da zanen gini. Su kuma Canon G540 da G640 suna da launi shida kuma hotonsu na da kyau, amma a A4 suka tsaya. Saboda haka zaɓin ya rage tsakanin ukun da aka nuna miki.

L18050 da L8180 kowacce tanki shida gare ta, kowace kwalbar tawada mililita 70, shi ya sa mai shago zai ce miki duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, don abin da ke cikin tankunan ya bambanta.

L18050 tana shan tawada mai lamba 108: baƙi, shuɗi, jan majenta, rawaya, sai shuɗi mai haske da majenta mai haske. Dukkansu tawadar rini ce, wadda ke nutsewa cikin fatar takarda mai sheƙi. Aikin launuka biyun nan masu haske shi ne cike wuraren da launi ke sauyawa a hankali, kamar kumatun amarya, farar shadda, ko sararin sama, ta yadda ba za a ga ɗigo-ɗigo ba ko an matso kusa. A hoton kala a kan takarda mai sheƙi, nan ne ƙarfinta. Inda take rauni shi ne hoton baƙi da fari: tunda ba ta da tawadar ruwan toka, sai ta haɗa tokar daga sauran launuka, hoton kuwa yakan ɗan karkata zuwa kore-kore ko ja-ja, musamman a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki. Haka kuma baƙinta a takarda marar sheƙi ba ya yin ƙirin sosai.

L8180 tana shan lamba 115: shuɗi, majenta, rawaya, ruwan toka, da baƙi iri biyu. Ɗaya baƙin rini ne na takarda mai sheƙi, ɗaya kuma baƙin figimen ne, mai ƙwayoyin gari da ke zama a saman takarda. Ita firintar ke zaɓar wanda za ta fesa gwargwadon irin takardar da kika faɗa mata. Da wannan take fin 'yar'uwarta a hoton baƙi da fari, da takarda marar sheƙi, da rubutu a takardar ofis. In akwai tsofaffin hotunan su Kaka da ake son sabuntawa, ita ce gwanarsu. A hoton kala mai sheƙi kuwa, in an jera su biyun a bango, yawancin baƙin da za su shigo falon ba za su bambance ba.

Sauran bambancin na jiki ne. L18050 bugu kawai take yi, ba sikana, ba allo, takarda ta baya take shiga, tana da Wi-Fi, tana kuma buga katin shaida na roba da faifan CD. L8180 tana da sikana da kwafi, da allon taɓawa, da ramin katin kamara, da tire na gaba, tana buga gaba da baya a A4, kuma ta baya tana karɓar kwali mai kaurin milimita 1.3. A lura, gilashin sikanarta bai kai A3 ba, bugu ne kawai ke kai wa can. Kuɗinta ya fi yawa, kuma wani ɓangare na ƙarin na waɗannan kayan ne, in ba za ki yi amfani da su ba kin biya banza.

L1800 kuwa a zamaninta ta yi suna, launukanta shida irin na L18050 ne, tawadarta 673 kuma ta cika kasuwa. Amma ba mu ba da shawarar tokumbo. Masu buga riguna sun daɗe suna juya wannan samfurin suna zuba masa farar tawada, wadda ke toshe kan feshi, wato ɓangaren da ke fesa tawada a takarda, shi kuwa kan feshin ne mafi tsada a jikinta. Ba ta da Wi-Fi. Sannan soson da ke tsotse dattin tawada a cikinta yake, in ya cika sai ta tsaya cak sai an kai wa mai gyara. Sababbin biyun suna da akwatin datti mai lamba C9345 da za ki zare ki sa sabo da hannunki. In dole sai tokumbo, a buga gwajin Nozzle Check, wato gwajin ramukan kan feshi, a gabanki, layukan launi shida su fito ba yanke ko ɗaya, sannan a buga cikakken hoton A3 ki duba ko akwai zane-zanen layi a kwance.

Wani tarkon shi ne sunan ET-8550. Ita ce dai L8180, amma ta kasuwar Turai da Amurka. Ta Ingila tana shan 114, ta Amurka 552, kuma bakin kowace kwalba an yi masa tsaga daidai da tankinsa. In ɗanki zai aiko miki daga waje, ki fara zagaya titin Otigba na Computer Village ki ga ko ana samun lambar, a kuma duba bayan firintar a ga ko tana ɗaukar wutar 230. Ko wacce za ki saya a nan, ki tambayi kuɗin kwalba shida da akwatin datti a shago biyu ko uku tun kafin ki biya na firintar. Jabun tawada na yawo, launinsa na saurin koɗewa, yana kuma toshe kai.

Yanzu zaman Legas. Firinta in an kashe ta da maɓallinta, takan mayar da kan feshin mazauninsa ta rufe shi. In aka ɗauke wuta tana tsakar aiki, kan na tsayawa a buɗe ya bushe, takardar A3+ kuma ta tafi. Ƙaramin UPS ya isa, don wutar da take ja ba ta kai wat 30 ba. Ranar farko da za ta ja tawada cikin bututunta, kada a fara sai a kan UPS ko inbata, kuma kada ki tsorata in tankunan sun sauka, bututun ne suka sha. Ki buga ko da ƙaramin hoto ɗaya mai launuka duk mako. In layi ya yanke a gwajin Nozzle Check, a yi Head Cleaning, wato wankin kan feshi, in an yi sau uku bai gyaru ba a bar ta awa 12 kafin a sake. Power Cleaning, wato babban wanki, shi ne matakin ƙarshe, yana shan tawada sosai yana cika akwatin datti. Da hunturu a rufe ta saboda ƙura, da damina kuma takarda ce ke shan laima ta lanƙwashe, gefenta ya goge kan feshi ya bar baƙin tabo. A bar ta cikin ledarta a kwance, a ciro iya wadda za a buga.

Takarda ki nemi RC, wato mai rufin roba, mai nauyin giram 250 zuwa 260. Mai arahar nan da bayanta ke kama da takardar rubutu tana kumbura in tawada ta yi yawa. A saitin bugu ki zaɓi ainihin irin takardar, in kin bar shi a takardar ofis hoton zai fito a dushe. Ƙorafin da aka fi yi shi ne fuska ta yi duhu, dalili kuwa hasken allon waya ko kwamfuta ya yi yawa: a rage shi zuwa rabi, a ɗan ƙara wa wuraren duhu na hoton haske, a gwada a 4x6 kafin a saki babbar takarda. Don cike A3+ da kyau ana son hoto mai megafiksel 10 zuwa 22. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, ki ce mai ɗaukar hoto ya turo a matsayin fayil. Tawadar rini ba ta son rana da iska mai hayaƙi, don haka a bar hoton ya sha iska kwana ɗaya, sannan a sa shi bayan gilashi, nesa da taga da wajen janareta.

Ga abin da kika lissafa, Hajiya, biki da suna da Sallah, duk kala a takarda mai sheƙi, L18050 ta ishe ki, rarar kuɗin ki sayi UPS da takarda mai kyau. In yara za su riƙa kwafin takardun makaranta, ko kina son baƙi da fari da takarda marar sheƙi, ki ƙara kuɗi ki ɗauki L8180. In kuwa manyan hotunan ba su wuce biyar ko shida a shekara ba, ki sayi ta A4 mai launi shida kamar L8050 ko G640, manyan kuma ki riƙa bayarwa a buga miki.