Kafin ka kashe kuɗi wajen kwashe VM da kwantena zuwa sabuwar Proxmox

Tun da Broadcom ta sayi VMware, kamfanin manhajar gudanar da VM (kwamfutar kwaikwayo da ke aiki a cikin wata kwamfutar), a ƙarshen 2023 ta daina sayar da lasisin dindindin, masu kula da sabar a ƙananan ofisoshi da makarantun kuɗi suka fara karkata zuwa Proxmox VE, manhajar da ke gudanar da VM da kwantena (keɓaɓɓen wurin aiki a cikin sabar, wanda bai kai VM nauyi ba). Wasu kuma dama suna kan tsohuwar Proxmox, suna so su hau ta 8 ko ta 9. Ko wanne ne kai, abin dubawa shi ne da me za ka ɗauki kwafin ajiya, ta yadda in an maido da shi a sabon gida zai tashi.

Manhajar ɗaukar kwafi mafi arha ita ce vzdump, wadda ke zuwa cikin Proxmox kyauta. Tana haɗa VM cikin fayil ɗaya, kwantena ma haka, ka zuba a faifan waje, ka kai sabuwar sabar ka maido da shi da umarnin qmrestore in VM ne, ko pct restore in kwantena ne. Kwafin tsohuwar siga yana shiga sabuwa lafiya, amma kada ka dogara da komawa baya. Aibinta shi ne kullum kwafi cikakke take yi, faifai ya cika da wuri. Mai VM uku ko huɗu, wannan ta ishe shi.

Proxmox Backup Server, da ta fito a 2020, abin da ya canja kawai take ɗauka, ba ta maimaita abin da ta riga ta adana, kuma tana iya tayar da VM tun ba a gama maido da shi ba. Manhajar kyauta ce, sai dai tana son injinta daban. A ganina nan ya kamata kuɗin ya tafi: tsohuwar kwamfuta mai lafiya, faifai masu kyau, da inbata, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta kwafi ba ta bar kowa ba. Tura kwafi waje ta intanet kuwa, sai ka fara lissafa kuɗin data.

Veeam, wata manhajar ɗaukar kwafi ta kuɗi, ta fara karɓar Proxmox a 2024, kuma tana da amfani ga mai fitowa daga VMware da tsoffin kwafinsa a can. Amma ƙarfinta a VM yake. In aikinka kwantena ne na LXC, irin da Proxmox ke amfani da su, kada ka biya kuɗinta saboda su. Mai sabar ESXi (ta VMware) da ke raye ma yana iya jawo VM kai tsaye da abin shigarwa da aka saka a Proxmox 8.2.

Kwantena ne ke ba da ciwon kai, don da kanel ɗin uwar sabar, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da ita, yake aiki. Tsofaffin Linux irin CentOS 7 da Ubuntu 16.04 ba sa jituwa da zubi na biyu na cgroup, tsarin da kanel ke raba wa ayyuka ƙarfin inji da shi, ga shi Proxmox 9 ta cire na farko gaba ɗaya. Kwafin zai maido ba tare da kuka ba, amma ka kunna ka tarar ayyukan ciki sun ƙi tashi. Babu manhajar da za ka saya ta gyara wannan. Ko ka sabunta kwantenan tun yana tsohuwar sabar, ko ka mayar da aikin cikin VM. Haka nan vzdump ba ta ɗaukar fayilolin da aka jingina wa kwantena daga uwar sabar, sai ka kwafe su daban.

Kafin ka biya kowa, ɗauki kwafi ɗaya ka gwada a sabon injin. Duba ko sunan ma'ajiya da na gadar sadarwa, irin local-lvm da vmbr0, sun dace da na da. In Windows ce daga VMware, saka mata direbobin VirtIO, wato manhajojin da za ta gane faifai da katin sadarwar Proxmox da su, tun kafin ka kashe tsohuwar sabar.